Gurguzu: Ni Dai Tambayata, Wa Ke Buɗe Rumbu?

Ranar Lahadi muna dawowa daga cin kasuwar Gujungu, mu kusan goma a bayan a-kori-kura, ƙafafunmu a kan buhunan mutane, sai gardama ta kaure tsakanin ɗan wana da wani Alhajin garinmu mai sayen hatsi. Tsadar taki ce ta jawo ta. Yaron bara ya gama jami'a, ya dawo gida yana jiran aiki. Ya ce duk wannan ƙunci jari-hujja ce ta haife shi, da a ce gurguzu muke yi irin na Chaina da buhun yuriya bai gagari talaka ba.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Samari, wace Chainar? Shiga Kantin Kwari ka gan su. Ni da na gaji kasuwa kaka da kakanni ban kama ƙafarsu a son riba ba. In gurguzu kake nema ka tafi Koriya ta Arewa, inda ko akuyarka ba taka ba ce."

"To Alhaji, Norwe da Suwidin fa? Karatu kyauta, asibiti kusan kyauta. Su ma Koriyar ce?"

Wani dattijo da ke riƙe da igiyar rago ya ce shi abin da ya ji tun yana saurayi, gurguzu rashin yarda da Allah ne, a ma bar zancen. Har muka kai mararrabar garinmu ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Ban tanka ba a motar, don ba na son in gyara wa ɗana zance a gaban mutane. Amma maganar ta kwana tana cina, domin ni a gidan Sawaba aka haife ni. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ɗan NEPU ne, jam'iyyar Malam Aminu Kano, tun zamanin da ake ɗaure mutum don ya ɗaga murya, kuma da aka kafa PRP a 1978 shi ya fara liƙa hoton mabuɗi a ƙofar zaure a unguwarmu. Ina ɗan shekara 13 Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano. Na ga tsohon nan ya kashe rediyo, ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin da yake tara takardun haraji, ya zauna yana jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, bai ce wa kowa uffan ba har aka kira magariba. Saboda haka duk mai zagin waɗanda ke neman a rage tazara tsakanin mai shi da marar shi, ba da ni ba. Sai dai na shekara 35 ina koyarwa a firamare ina kuma noma, abin da na karanta da abin da idona ya gani sun tsaya a wuri guda. Musun wace ƙasa ce ta gurguzu ba ya ƙara wa manomi ko tiya ɗaya. Abin tambaya, in an yi girbi an kai gida, wa ke da ikon buɗe rumbun, wa kuma ke yanka wa hatsin kuɗi?

Bahaushe ya ce suna linzami ne, amma a wannan fage sunan bai ja kowa ko'ina ba. Ƙasashen da jam'iyya guda mai da'awar gurguzu ke riƙe da su a yau biyar ne: Sin, Biyetnam, Lawos, Kyuba da Koriya ta Arewa. A cikinsu Sin na da ɗaruruwan attajirai masu biliyoyin dala, kuma babur ɗin da ke kai ni fadama kamfani mai neman riba ne ya ƙera shi a can. Indiya ta saka kalmar gurguzu a gabatarwar tsarin mulkinta a 1976, har yau tana nan, ba wanda ke kawo ta a irin wannan musu. Libiyar Gaddafi, inda samarinmu da yawa suka je neman kuɗi, daga 1977 zuwa 2011 kalmar na cikin sunanta. Maƙwabciyarmu Benin ta naɗa wa kanta rawanin Markisanci, wato gurguzu irin na koyarwar Karl Markis, daga 1974 zuwa ƙarshen 1989 a hannun Kerekou, alhali fataucin kaya zuwa Najeriya ta bayan fage bai taɓa tsayawa ba.

A juya ta ɗaya gefen. Gwamnatin Saudiyya ce ke da kusan dukan kamfanin Aramco, 'yan ƙasa na karatu da jinya a wuraren gwamnati kyauta, amma ba alhajin da ya taɓa dawowa ya ce ya je ƙasar gurguzu. Norwe da ɗana ya kafa hujja da ita, gwamnatinta na da kashi 67 cikin 100 na kamfanin mai na Equinor, da sama da sulusin kamfanin taki na Yara, da asusun rarar mai da ya haura dala tiriliyan ɗaya tun 2017. Su sun samu mai a 1969, mu tun 1956 a Oloibiri, kuma duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci. Amma gona a Norwe ta manomi ce, shago na mai shago ne. A 2015 firaministan Denmak na lokacin ya tsaya a Amurka ya ce ƙasarsa ba ta gurguzu ba ce, ta kasuwa ce. Suna barin mutum ya nema, sannan su yanki haraji mai nauyi, sama da kashi 40 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, su mayar da shi makaranta da asibiti da kuɗin tsufa. Mu fa? Tun dokar Turawa ta 1910 aka ce ƙasar Arewa tana hannun gwamna, dokar filaye ta 1978 ta shimfiɗa haka a ƙasa baki ɗaya. A takarda, gonar da na gada daga kakana amana ce a hannun gwamna, ni izinin amfani kawai gare ni. Da takarda ake bi, da mu ma an sa mu a layi.

Asalin maganar, in aka cire mata ado, ita ce abin da ake samar da dukiya da shi, wato gona da masana'anta da banki da ma'adinai, a fitar da shi daga hannun ɗaiɗaikun mutane ya zama na jama'a. Da yake jama'a ba ta da hannu guda da za ta riƙe abu da shi, a aikace hukuma ce ke riƙewa. Mu mutanen karkara ba sai an buɗe mana littafi ba kafin mu gane wannan, don a cikin gandu muka tashi.

A gidanmu mu shida ne maza masu fita gonar gandu. Daga sassafe zuwa azahar aikin gida ne. Abin da aka samu rumbun gida yake shiga, kuma maigida kaɗai ke cewa a hau a ɗebo. Shi ke ciyarwa, shi ke biya wa kowa haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari, shi ke yanka ragon suna. Kowa ya yi aiki gwargwadon ƙarfinsa, ya ci gwargwadon cikinsa. Amma da la'asar, da kuma ranar Juma'a, kowa gayaunarsa yake nufa. Ba na manta wana, uban yaron nan. A gandu shi ne farkon mai ɗaga kai ya dubi rana ya ce ta yi. A gayaunarsa kuwa, wani ɗan fili a bayan kuka, sai duhu ya hana shi bambance gyaɗa da ciyawa yake tashi. Kashin awakin da zai kai can a kwando yake ɗauka a ka, ba ya jiran a gama da jaki. Ba lalaci ba ne, halin ɗan Adam ne, kuma tsofaffinmu sun san da shi, shi ya sa ba su taɓa yin gandu babu gayauna ba.

Gandun ma yana tafiya ne don maigidan ubanka ne. Tuwon da aka tuƙa shi ma shi zai ci. In rumbu ya yi ƙasa da marka, shi ne farkon wanda barci zai ƙaurace wa. Duk da haka, da zarar uba ya kwanta dama, da wuya gandu ya daɗe a hannun wa bai watse ba. To ina ga an ce ƙasa sukutum ta zama gandu, maigidan kuma wani ma'aikaci ne a birni da bai san sunanka ba, albashinsa na zuwa ko an yi damina ko ba a yi ba?

An gwada, ba sau ɗaya ba. Daga 1929 Stalin ya tusa manoman Tarayyar Sobiyet cikin gonakin haɗaka da bakin bindiga. Mutane suka gwammace su yanka dabbobinsu da su miƙa su, cikin 'yan shekaru shanun ƙasar suka ragu da kusan rabi. Yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren. A Kazakistan, inda makiyaya ne kamar Fulaninmu aka tilasta musu zama wuri guda, sama da mutum miliyan ɗaya suka tafi. Daga baya hukuma ta bar wa kowane gida ɗan fili a bayan ɗaki. Gayauna ke nan. Waɗannan 'yan filaye, kusan kashi 3 cikin 100 na ƙasar noma, su suka riƙa ba da kusan rubu'in abin da noma ke samarwa, musamman dankali da ƙwai da kayan miya. Ƙasar da ta riga kowa harba tauraron ɗan Adam a 1957, wadda ta zo mana da aikin ƙarafa na Ajaokuta, ita ce a 1972 ta je Amurka awon alkama.

Na Sin ya fi muni, ya kuma fi darasi. A 1958 shugabanta Mao ya haɗe ƙauyuka cikin manyan gandaye, aka kashe murhun gida, kowa ya je madafar gari ya ci. Aka kwashe majiya ƙarfi daga gona aka sa su narka ƙarfe a bayan gida. Aka ba da umarni a kashe tsuntsayen gwara don suna cin hatsi, sai ƙwarin da suke ci suka samu sake. Amma babban abin da ya kashe mutane ƙarya ce. Shugaban gari na tsoron a ce bai yi ƙoƙari ba, sai ya rubuta, a misali, dami dubu a inda aka samu ɗari uku. Hukuma ta karɓi rabonta a kan dubu, abin da ya rage wa gari bai kai su bazara ba. Mafi ƙanƙantar ƙiyasi ya ce mutum miliyan 15 suka mutu tsakanin 1959 da 1961, masana da yawa sun ce miliyan 30 ko fiye. Wanda ya taɓa ganin yadda ake cika takardar rabon taki da sunayen mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba, ba zai yi mamakin yadda ƙarya ke hawa daga ƙauye har fadar gwamnati ba.

A ƙarshen 1978 magidanta 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui suka taru a ɓoye, suka dangwala yatsa a takarda cewa za su raba gonar gari gida-gida, kowa ya ba hukuma nata ya riƙe saura, in kuma aka kama wani a cikinsu sauran su riƙe masa 'ya'ya. Dubi girman tsoron, a kan mutum ya noma gonar da yake takawa kullum. Girbin da ya biyo baya ya zo ninki-ba-ninki. Deng, jagoran Sin na lokacin, da mutanensa suka ga haka suka sakar wa sauran ƙasar mara, suka kuma ƙara kuɗin da gwamnati ke sayen hatsi. Daga tan miliyan 305 a 1978, hatsin Sin ya kai tan miliyan 407 a 1984, kuma jam'iyyar ba ta canza ba, tutar ba ta canza ba. Biyetnam ta bi sahu, ta mayar wa gidaje gona a 1988 tana cikin ƙarancin abinci, a 1989 ta fitar da shinkafa sama da tan miliyan ɗaya zuwa waje. Har yau ƙasar noma a Sin ta gari ce a takarda, ba ka iya sayar da ita, kuma jam'iyya ba ta yarda ka buɗe baki ba. Alhaji da ɗana kowa ya kama gefen da ya yi masa daɗi. Ni abin da na gani, mutum kusan miliyan 800 da Bankin Duniya ya ce sun fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40, tafiyarsu ta faro ne daga lokacin da aka mayar wa manomi rumbunsa.

Wani zai ce ai waɗancan azzalumai ne, da mutumin kirki ne a sama da abin ya yi kyau. Nyerere na Tanzaniya mutumin kirki ne, ba a san shi da cin dukiyar jama'a ba, kuma da ƙafarsa ya sauka a 1985. Sanarwar Arusha ta 1967 a kan zumuncin gida irin na Afirka ya gina ta, kusan abin da muke kira gandu da gayya. Da lallashi ya ƙi, daga 1973 zuwa 1976 aka kwashe miliyoyin mutane daga gonakinsu aka jera su a sababbin ƙauyuka, wasu nesa da ruwa, wasu a kan ƙasar da ba ta karɓar abin da suka saba shukawa. Ga fari ya faɗo a tsakiyar haka, sai da aka yi ta sayo abinci daga waje. A Habasha, sojojin da suka kawar da Haile Selassie sun yi abin yabo a 1975 da suka karɓe gonaki daga iyayen ƙasa suka bar wa masu noma su. Ba a jima ba suka ɗora wa manomi adadin da zai sayar wa hukuma a farashin da ta ga dama, suka kafa shingaye don kada hatsi ya tsallaka daga lardi zuwa lardi. A haka yunwar 1984 ta same su, ga fari ga yaƙi.

Kada Alhaji ya yi murna da wuri, domin mu da ba mu taɓa yin gurguzu ba an yi mana irin wannan ɗin. Ina ƙaramin yaro nakan bi mahaifinmu kai gyaɗa sikeli. Mu ɗora wa jakuna tun asuba, mu tarar da layi. Malamin sikeli ya soki buhu, ya murza a tafin hannu, in ya ce akwai ƙasa sai a zazzage a sake sheƙewa a rana. Kuɗin da zai biya kuwa an riga an yanke shi tun kafin a buɗe sikeli, a wurin da ba manomi ko ɗaya a zaune. Turawa ne suka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ta koma hannun Jihar Arewa a 1954, ta hannunta kaɗai gyaɗa ke fita waje. Shekaru da yawa abin da ake ba manomi bai kai abin da ake samu a kasuwar duniya ba, rarar ta tsaya a sama. An yi ayyuka da ita, ba na musu, amma mai gyaɗar ba a tambaye shi ba. Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, mutane ba su ga abin da zai mayar da su ba, sai suka koma wa gero da dawa, dalar gyaɗa ta zama hoto. Ba Mao a nan, ba Stalin. 'Yan jari-hujjar mulkin mallaka ne suka assasa, 'yan gida suka gada.

A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a ƙarƙashin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida. Kwamitin siyasa da Babangida ya kafa ya zaga ƙasa ya dawo a 1987 da shawarar a bi gurguzu, gwamnati ta ƙi. Aka ce a bar kasuwa ta yi halinta. To ta yi. Manomin da ba shi da ajiya, ba hanya, ba banki, da kaka yake sayar da tiya a wulaƙance don ya biya bashin taki, da marka ya sayo ta a ninki daga hannun wanda ya saya. Wanda ya ci falle ma tun hatsi na tsaye ya rabu da shi. Rumbun a gidansa yake, amma bashi ne ke buɗe shi. Hannun hukuma kuma bai fita ba. Da birni ya yi kukan tsada a 2024 aka ɗage harajin shigo da hatsi na kwana 150, daga baya farashi ya sauka, taki kuwa bai bi shi ba. Ina tausayin mai saye, ni ma ina da 'ya'ya a birni, amma wanda ya noma shinkafa a fadamar Haɗeja da bashin fetur, shi aka sa ya biya kuɗin wannan sauƙi.

Yanzu ga inda nake tare da ɗana, kuma ba zan ja da baya ba. Akwai aikin da gayauna ba ta yi. Ba mai gina asibiti a gayaunarsa. Kyuba na sayo mafi yawan abincinta daga waje, noman gwamnati ya ƙi, takunkumin Amurka na sama da shekara 60 ya ƙara mata nauyi. Amma a 1961 ta baza matasa ƙauyuka suka koya wa manya karatu cikin shekara guda, kuma da Ebola ta ɓarke a 2014 likitoci da ma'aikatan jinya 165 ta tura Saliyo a tashin farko. Sin ɗin Mao da yunwa ta yi wa ɓarna, ita ce ta horar da 'yan ƙauye aikin lafiya ta watsa su karkara, ta sa yara a makaranta, shi ya sa da aka buɗe kasuwa yaron da ya shiga masana'anta ya iya karatu, yana da lafiya. Tanzaniya ta fito aljihu wayam, amma yawancin mutanenta sun iya karatu kuma harshe ɗaya ya ɗinke su. Sankara a Burkina Faso ya yi wa yara kimanin miliyan biyu rigakafi cikin 'yan makonni a 1984. Kasuwa ba za ta yi wannan ba, don ba riba a allurar ɗan talaka.

Mu ma mun ɗanɗana. Gwamnatin Rimi ta buɗe ajujuwan yaƙi da jahilci, a ɗaya daga cikinsu gwaggona ta fara rubuta sunanta da boko tana da jikoki, ta riƙa rubuta shi da gawayi a jikin garun ɗakinta. Sin ba ta soke harajin noma ba sai 2006, shekara 27 bayan Kano. A 2007 Jigawa ta fara ba naƙasassu naira 7,000 a wata. Abin da mahaifinmu ya fahimta da tafiyar Malam Aminu Kano, ya kuma koya mana, ba ƙwace gonar kowa ba ne. A daina kashin dankali ne: a daina aikin tilas a gonar sarauta, a daina jan akuyar gwauruwa a kan haraji, 'ya mace ta yi karatu, talaka ya tsaya gaban alƙali jikinsa ba ya rawa. In wannan ne gurguzu, a rubuta sunana.

Dattijo mai rago ma yana da tasa gaskiyar. Markis bai yarda da addini ba, kuma Sobiyet ta rufe masallatai da majami'u masu yawa. Sai dai ba sai mun ari rigar kowa ba. Addininmu ya halatta mallaka da ciniki, ya wajabta zakka, ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka farashi, bai yanka ba. Benezuwela ta yanka tun 2003, kantuna suka bushe, faɗuwar mai ta zo ta ƙarasa, yau sama da mutum miliyan 7 sun bar ƙasar. Mu ma waɗanda suka yi layin madara da sabulu a 1984 suna raye. Amma Manzon Allah ne kuma ya ce mutane abokan tarayya ne a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta.

Mu kuwa mun kifa abin. Inda ya kamata a ƙyale mu, can ake sa mana hannu, inda ya kamata a tsaya mana, can aka sake mu. Ɗakin shan maganin da ke kusa da mu, mai naƙuda sai an zo mata da safar hannu da tocila daga gida. Ajin ƙarshe da na riƙe yara sun haura ɗari, a ƙasa suke zaune. Mai hali ya kai nasa makarantar kuɗi, marar hali ya tura nasa kiwo. Ruwa da ciyawar da aka ce na kowa ne, su muka fi ci da zalunci, kuma a nan ba gwamnati kaɗai ba ce, har da mu. Burtalin da ina yaro garke biyu ke giftawa ba su gogi juna ba, yau amalanke da ƙyar take wucewa. Dajin kiwo an yanka shi gona-gona an raba wa masu uwa a gindin murhu, mashaya an kewaye ta da lambu. Kaka ta yi a zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi, sannan a ce halin wane ne ko halin wane.

Manoman Denmak tun 1882 suka fara haɗa kai suna gina wurin sarrafa madara na tarayya, saniya kuwa kowa da tasa. Mu tara a fadamarmu mun yi karo-karo mun haƙa rijiyar burtsatse mun sa mata sola. Ruwa na kowa, fangali kowa da nasa, shekara uku ke nan sau ɗaya muka saɓa a kan layin ban-ruwa. Da an ce mu haɗa albasar ma mu raba daidai, na san da tuni mun watse.

A can yaron ya same ni washegari ina gyaran fangali. Ya ce, "Baffa, jiya ka yi shiru ka bar Alhaji ya danne ni." Na ce bai danne ka ba, zauna. Na zayyana masa abin da na rubuta a nan, ya yi gardama a wasu wuraren, kuma na ji daɗin gardamar. Daga ƙarshe ya ce to ta ina za a faro, tunda ba mu ne a Abuja ba.

Na ce ranar Asabar dagaci ya kira taro a ƙofar gidansa, da arɗo da masu unguwanni, a kan burtalin gabas kafin shanu su gangaro. Gonar Alhaji ta ci taku wajen ashirin a ciki. Kowa ya sani, ba mai faɗa, don da yawa a hannunsa suke karɓar bashin taki. Ni zan faɗa. Na ce ya zo da takarda da biro da igiyar awo, shi zai rubuta gonakin da suka shiga. Ya tambaye ni da ta wa zai fara. Na ce da tamu ta bayan kuka, gayaunar ubansa, domin kunya ukun ƙarshe ba sa cikin abin da muka gada.